Kalmar da Inna Tukuna Ta Ƙi Sa wa Hannu

Ƙarfe bakwai na safe, kafin mai shara ya gama da baranda, Inna Tukuna ta riga ta buɗe ɗakin allura na ƙaramin asibitin unguwarmu. Ba ta ajiye jaka sai ta ja aljihun tebur ta ɗauko 'yan kwalaben adirenalin, allurar ceton wanda jikinsa ya yi bore, ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken taga. Tana duba ranar lalacewarsu, tana duba ko ruwan ya sauya launi. Shekara talatin da ɗaya tana wannan a matsayin mataimakiyar ma'aikatan jinya. Da wannan mataki ta shigo, da shi kuma za ta yi ritaya a ƙarshen watan nan.

Sunan nata ba don ƙauna aka laƙaba mata shi ba. Duk wanda aka yi wa allura, yana miƙewa zai ji ta ce, "Zauna tukuna." Sai ka yi rabin awa a benci tana kallonka ta wutsiyar ido, ko da kuwa ka bar shago a buɗe. Wani direba ya taɓa ce mata, "Haba Inna, allura aka yi mini ko ɗaurin talala?" Ta ce, "Ɗana, motarka ba ta da ƙafar gudu. Zauna." Mun yi mata dariya, mun yi gulmarta, har da ni mai wannan rubutu.

Abin da take tsoro a wannan rabin awa, mu borin jini muke ce masa, mu ɗaga kafaɗa. Ita kuwa takan ce fata ai sallama ce kawai, baƙon yana ciki. Idan leɓe ya kumbura, murya ta dishe, mutum yana ta gyaran maƙogwaro ko numfashinsa yana fito, ko jiri ya kwashe shi jim kaɗan bayan allura ko abinci ko harbin ƙwaro, to ba maganar ƙaiƙayi ake ba. Maƙogwaro ne ke rufewa, jini yana faɗuwa, kuma mintoci ne a hannu.

Shekara tara da suka wuce, da hantsi, aka shigo da makanikin da ke bayan asibitin. Kudan zuma ne ya harbe shi a wuya. Da ƙafarsa ya shigo, yana sosa jiki, matarsa na biye da shi tana cewa, "Borin jini ne, ku ba shi ƙwayar ƙaiƙayi mu tafi." Inna ta tambaye shi tun yaushe abin ya faru. Ya buɗe baki, sai ga wata siririyar murya da ba tasa ba. Nan take Inna ta gane maƙogwaronsa ne ke rufewa.

Likita ya tafi taro, wayarsa a kashe. Dokar asibitin kuwa ta ce mai matakin Inna ba ta taɓa wannan allura sai da sa hannun likita. Babbar nas ta tsaya a bakin ƙofa tana ta kiran wayar da ba ta shiga.

"Sista, ki yi masa," in ji Inna.

"A jira likita."

"Shi wannan ba zai jira ba."

"Inna, ki kiyayi kanki, ba aikinki ba ne."

Inna ta juya wajen makanikin. Ta kwantar da shi a ƙasa, ta ɗora ƙafafunsa a kan kujera, ta fasa kwalba, ta soka masa allurar a gefen cinya, ta cikin wandon aikinsa mai baƙin mai. Ta daka wa mai gadi tsawa ya kira motar asibiti. Minti biyar suka wuce numfashin bai sake ba, ta ƙara masa ta biyu. Da ya ɗan ji dama sai ya yunƙura zai tashi, wai kunya yake ji yana kwance a gaban mata. Ta danne masa kafaɗa ta ce, "Ka tashi ka faɗi, wa zai riƙe maka yaran? Kwanta!" A kwance aka ɗauke shi zuwa babban asibiti, domin ta ce abin yakan lafa ya dawo. Ya kwana a can, ya tashi da ransa. Yau 'yarsa ta fari tana jami'a.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A rahoton da aka aika sama, an yaba wa asibitin da saurin ɗaukar mataki a ƙarƙashin jagorancin likita. Ita kuwa aka miƙo mata takardar gargaɗi, wai ta wuce gona da iri. Takardar ta shiga fayil ta yi zamanta. Sau uku ana ƙarin girma ana tsallake ta. Waɗanda ta koya wa riƙe sirinji suka zama shugabanninta, tana ce musu ranka ya daɗe. Abin ya ci mata rai ƙwarai. 'Yarta ta shaida mini ranar tsallakewa ta uku, a tsakar gida ta same ta tana wanki tana hawaye.

Makon jiya shugaban asibitin ya kira ta ofis, da fara'arsa. Ya ce an tausaya mata, za a cire takardar, a ɗaga ta mataki ɗaya ta fita da mutuncinta. Abu ɗaya ya rage, ta sa hannu a wata 'yar wasiƙa da aka riga aka buga. Layi biyu ne: ta amince ta yi kuskure, kuma tana ba da haƙuri. Shi da likita da babbar nas duk sun sa nasu hannun a matsayin shaidu.

Ta nemi a ba ta kwana ɗaya. A gida 'yarta ta yi ta lallashi. "Umma, kalma ɗaya ce fa. Ki sa musu ki huta, Allah ya san gaskiya." Kuma Inna tana son matakin nan, kada wani ya ce ba ta so. Shekara tara tana jiransa.

Washegari ta mayar wa shugaban wasiƙarsa yadda ya ba ta.

"Ranka ya daɗe, wanne ne kuskuren? Allurar farko ko ta biyu?"

"Inna, tsari ne kawai. Ba mai karantawa."

"Za a karanta. Wata za ta tsaya inda na tsaya, mutum yana shaƙewa a gabanta, likita ba ya nan. Sai a ce mata, ai ita ma tsohuwar da ta yi, da hannunta ta rubuta kuskure ne. Sai ta jira. Ni ba zan kashe wannan mutumin da birona ba."

Ya ce to, ita ta so. Ta ce ta gode.

Inna, ke ce kika ji mutuwa a cikin muryar mutum lokacin da masu manyan takardu ke neman layin waya. Ke ce muka yi wa dariya kina gadin rayukanmu. Uwar marasa haƙuri, mun gode, kuma ki yafe mana, domin shekara tara muna gani ba wanda ya buɗe baki a cikinmu.

Ku kuma da za ku gaje ta, da iyaye da malamai da duk mai ɗan uwan da jikinsa ba ya shiri da wani abinci ko magani, ku koyi alamomin nan. Ku san inda allurar take, ku san a cinya ake soka ta. Ku kwantar da mutum, ku kira mota, kada ku tsaya neman ƙwayar ƙaiƙayi. Masu rubuta dokoki su ma su ji kunya su gyara, don kada a sake sa wata ta zaɓa tsakanin aikinta da ran mutum.

Ranar ƙarshen wata za ta miƙa makulli ta tafi gida a matakin da ta shigo. Wasiƙar tana nan a tebur ɗin shugaba da sa hannun mutum uku. Gurbin nata har yanzu fari ne.