Kunyar da Ta Ƙone Gas

Har gobe raina na ɓaci in na tuna ranar Talatar da na yi shiru a taro. Lokacin ina ƙaramin injiniya a Lyon, a kamfanin da ke tuƙa taurarin ɗan'adam guda uku masu tafiya a jere. Kowanne yana da 'yan bututu masu fesa gas don gyara tazararsa da 'yan'uwansa. Gas ɗin kuwa ba a ƙarawa a sama, in ya ƙare tauraro ya gama aiki.

Ƙa'idarmu ita ce, biro, wato ofishinmu na Paris, ya yi lissafin fesawa, Lyon ta duba, sannan a aika umarni. Mai lissafin shi ne Malam Isufu, ɗan Damagaram kamata, wanda ya sauke ni a gidansa a Aubervilliers da na zo ƙasar, ya kuma tsaya mini har na samu aikin. Mai dubawa ni ne.

A taron bidiyo na ga kuskuren ƙuru-ƙuru. Malam ya yi lissafi da nauyin tauraro na uku na ranar da aka harba shi, alhali ya sha gas ya yi sauƙi, turawar za ta yi masa yawa. Shef ɗinmu, wato shugabarmu Madam Roche, ta ce, "Akwai mai magana?" Na dubi furfurar Malam a allo, na ce a raina ba ni zan kwance masa zani a kasuwa ba, zan kira shi a keɓe.

Na kira. Don wauta har na tsaya gaisuwa, ina gajiya, ina Hajiya, ina yara. Da na kai ga batun sai ya ce, "Ƙanena, c'est parti, aikin gama ya gama. Tauraron ya bi ta saman tashar aika umarni, an aika."

Kafin la'asar tauraro na uku ya doshi na biyu. Sai da muka ƙone gas ɗin watanni kafin muka raba su.

A taron bincike Malam bai ɓoye laifinsa ba. Amma ya juyo gare ni a gaban kowa, da Faransanci, ya ce, "Kai ka gani. Me ya hana ka faɗa?" Mutumin da na rufa wa asiri! Abin da ya fi ƙona ni shi ne gaskiya ya faɗa. An cire ni daga dubawa shekara guda, tauraro na uku kuma ya mutu kafin lokacinsa.

To ku ƙannena da ke shigowa wannan aiki, tarbiyyar gida tana da wurinta, amma kujerar mai dubawa ba ta san babba ba. Da aka mayar da ni, na katse Malam a taro kan wani lissafi. Ya yi sati biyu ba ya ɗaga wayata, sauran taurarin kuma suka ci gaba da tafiya a jere.