Kawu da Ciyawar Japan

"Tsaya! Tsai da dokin nan!"

Kawuna ke nan, makiyayi daga Tarka. Ciyawa ta ƙare musu, ya kawo shanun da suka rage masa kasuwar Tanout ya sayar. Ya biyo ɗakina ya tarar muna wasan gem na samurai, mayaƙan Japan na dā, a tele, wanda kake hawa doki ka zaga Japan yadda ka ga dama. Abokaina na ta gardama: wannan ya ce faɗan takobin ne daɗinsa, wancan ya ce labarin ya cika tsawo.

Na tsai da dokin a tsakiyar ciyawa, ta kai sirdi, iska na kaɗa ta.

Kawu ya daɗe yana kallo. "Ina dabbobinsu?"

"Babu, Kawu. Yaƙi kawai suke."

"Allah ya ba su wannan, suke kashe juna?" Ya matso. "Da ruwa kusa?"

Na ce akwai kogi bayan tudun can, bari in kai shi. Muna kan hawa aka ɗauke wuta.

Ya zauna jiran wutar har motar Tarka ta cika, ya tafi. Bai ga kogin ba.

Na daɗe ina wasan nan, ban taɓa duban ciyawar ba. Yanzu na kasa wuce ta. Ku me kuke gani in kun hau dokin?