Lalas ɗin da muka yi wa Duna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Rabon da in rubuta ko kalma ɗaya a nan tun kafin dashen albasa, har wasu sun fara tambayar mutanen gida ko lafiya. Ina nan da raina. Jinya na yi, jinyar kare kuwa. Mai dariya ya dara, ni dai na san abin da na gani.

Kunnena na hagu ya mutu tun ina yaro, na daman ma sai an ɗaga murya. Gonata tana can wajen Bakolori, nesa da gari. Yadda zamanin nan ya koma, manomin da ba ya jin ƙarar baburan 'yan bindiga daga nesa ba shi da dalilin yin nisa da gida. Shekara takwas ke nan Duna, baƙin karena, shi yake ji mini. In ya miƙe kunnuwa ya dubi wani sashe, na san inda ba zan bi ba.

Da farko tashin safe ne ya fara yi masa wuya. Sannan ya koma haɗa ƙafafun baya yana tsalle da su kamar zomo. Na ce tsufa ne da son jiki. Ranar da ya kasa tsallake 'yar hanyar ruwan da yake tsallakewa kullum, ya zauna yana kallona, na san ba son jiki ba ne.

Na je kemis na sayo maganin ciwon jiki irin wanda nake sha, na cusa masa a tuwo. Kwana uku ya fara amai, kashinsa ya koma baƙi ƙirin.

Sai ga Kawu Manu, ƙanen mahaifiyata, makiyayi ne a wajen Maradun. Ya latsa ƙugun Duna ya ce, "Wanga ba ciwon ƙwaya na ba. Sanyi na yash shiga jijiya. Saniya in tag gurgunce lalas mu ka yi mata, ta tashi. Kare ya hi saniya na?"

Aka sa ƙarfe a wuta har ya yi ja. Ni na danne shi, don ni kaɗai yake yarda in riƙe shi. Duk rashin jina, kukan nan na ji shi sarai.

Bai tashi ba. Ƙunar ta yi ruwa, ƙuda ya samu wurin zama.

Daga nan ni ma na zama ɗan zaman gida. Albasa tana can tana neman ruwa, matata Saude ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wallahi ba ka tahiya kai ɗai, ko albasar zinari ta." Ina zaure, Duna yana gefe yana jan gindi in zai sha ruwa. Ban taɓa jin gidana ya yi mini ƙunci haka ba. Tsoro nake ji, kuma kunya nake ji.

Ma'aikacin dabbobi na nan Mafara ya wanke ƙunar, ya ce sai an yi hoton ƙashi a Sakkwato. Na je tasha sau uku. Wani direba ya ce, "Malam, ko kuɗin mota duka kab biya, ba ni ɗaukar kare. Wa za ya zamna wurin bayan shi?" Wasu kuma suka ba ni shawara in kai shi daji in baro shi, wai kare ne kawai.

Maƙwabcina Malam Bitrus, ma'aikacin gwamnati, shi ya leƙo ya gan mu. Bai yi dogon zance ba, ya shimfiɗa buhu a bayan motarsa ya ce mu tafi.

A asibitin dabbobi aka ɗebi jininsa, aka sa masa ƙarin ruwa, aka yi hoto. Likitar mace ce. Ta dubi ƙunar ta ce, "Wa ya yi masa wannan?" Na ce ni ne. Ta nuna mini hoton: kan ƙashin cinyarsa bai zauna daidai a gurbinsa ba, guringuntsin ya cinye, ƙashi yana gugar ƙashi. Ƙwayar kemis kuwa cikinsa ta ci, saura kaɗan ta kashe shi.

Da cikin ya lafa, ta rubuta maganin zafi na karnuka, da man kifi, da wata ƙwayar gaɓɓai mai suna gulukosamin. Ta ce, "Ba za su mayar da ƙashin sabo ba. Wani karen suna taimaka masa, wani ba sa yi. Ka rage masa tuwo ya rage nauyi, ka yi masa shimfiɗa mai laushi, ka yi haƙuri." Albasar ajiyata buhu uku ta tafi a wannan tafiyar.

Sati biyar ina ba shi kullum, babu wani canji. Har na ɗauki robar maganin zan jefar, Saude ta ƙwace. A sati na bakwai na fito da safe na tarar da shi tsaye a bakin zaure, ƙafafu suna rawa, amma tsaye.

Yanzu mun koma gona. Rabin hanya yana takawa, rabi ina tura shi a baro, mutane suna yi mana tsiya wai ga Alhaji Duna da direbansa. Gudu kam ya ƙare masa, amma kunnensa ƙalau.

Na gode wa Allah. Na gode wa Saude, da Malam Bitrus, da likitar nan. Kawu Manu ma ban riƙe shi ba, abin da ya sani ya yi.

In dabbarku ta fara jinkirin tashi, ku nemi likitan dabbobi tun da wuri. Kada ku ba kare maganin mutane. Ƙwayar gaɓɓai ma sai likita ya duba ya rubuta. Don Allah kada ku yi masa lalas.

Har yau in Saude ta hura wuta a murhu, Duna yakan ja jiki ya zo ya ɓuya a bayana. Ni da na danne shi, wurina yake zuwa.