Ranar da Awaisu Ya Tsaya Gaban Ɗalibai

Awaisu mutumin Jajaye ne, ɗan Malam Nasidi manomi. Tun yana ƙarami yake da i'ina, harshensa yakan sarƙe da zarar mutane sun zuba masa ido. Da ya gama digiri ya sami aiki a ofishin harkokin ɗalibai na wata kwaleji a yankin Ƙaraye, sai ya zaɓi teburin lungu, inda ba mai tambayarsa komai.

Shugabar ofishin, Hajiya Laure, ita ta matsa masa ya koma karatu.

"Malam Awaisu, da wannan takardar kaɗai a lungun nan za ka tsufa. Je ka Kano ka yi digiri na biyu a fannin gudanar da manyan makarantu."

Ya je, amma da fargaba. Juma'a da Asabar ake darasi, kuma tun daga tashar Ƙaraye yake zullumi, don malaman ba sa barin kowa ya yi shiru. Dole ka miƙe ka kare ra'ayinka kan ɗaukar ɗalibai ko ladabtar da su. Akwai ranar da ya isa ƙofar aji, ya juya ya koma masallaci ya zauna har aka tashi.

Ana cikin zango na biyu, injin ruwan ɗakunan kwanan ɗalibai a kwalejinsu ya lalace, aka daɗe ba a gyara ba. Wata Talata da hantsi, Hajiya Laure da sauran manya sun tafi taro Kano, sai ga ɗalibai sun taso suna dukan bokitai. Ma'aikata suka sulale ta ƙofar baya. Awaisu ya yunƙura zai bi su, amma tsoro ya sa ya koma ya zauna. Dutse ya tarwatsa gilashin taga, ya faɗo kusa da kujerarsa.

"Wa ke ciki? A fito a yi mana bayani!" in ji Mujahid, shugaban ɗaliban.

Tsoron kada a ɓalle ƙofa a same shi a ɓoye ne ya fito da shi. Ya tsaya a kan baranda.

"Maganar ru... ru... ru..."

"Ruwa, Malam!" wata ɗaliba ta ƙarasa masa. Aka kwashe da dariya. Kunya ta rufe shi, amma ya lura an daina jifa. A ajinsu na Kano an koya musu cewa ba a sasantawa da taro, sai da wakilai. Da ƙyar ya harhaɗa kalmomin.

"Ku za... zaɓo wakilai. Mu shiga ciki."

Suka shiga. Ya nemo lambar Hajiya Laure a wayarsa, sai Mujahid ya karɓi wayar ya kira. Kafin la'asar tankar ruwa ta iso.

Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi, ya wuce Jajaye jinya yana rantsuwa ya bar aikin. Mahaifiyarsa ta bar shi ya warke tukuna, sannan ta ce ya tattara ya koma.

A kan wannan rikicin ya rubuta bincikensa. Ranar da zai kare shi gaban malamai, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf, amma ya ci. Bara aka naɗa shi mataimakin magatakardan kwalejin, kuma shi ne ya sa aka kafa zaman wata-wata tsakanin hukuma da wakilan ɗalibai.