Irin da Baba Gwangwani Ya Shanya

A ofishin da ya yi wa aikin lambu shekara talatin da huɗu, ba na jin akwai mutum biyu da suka san sunansa na yanka. Baba Gwangwani ake ce masa, kuma shi ya ja wa kansa. Duk gwangwanin madarar da aka sha a ginin nan, daga na manaja har na masinja, a hannunsa yake ƙarewa. Ya wanke, ya kife ya tsane, ya zuba irin furanni, ya toshe bakin da tsumma, ya jera a kan katako a ɗan ɗakin da yake ajiye fartanya da garwar ban ruwa. Bai yi karatu ba, don haka ba ya rubuta komai a jiki. Girgizawa yake yi kusa da kunne.

"Wannan Bi-rana ne. Wannan Toron-zakara. Wannan kuwa 'Yar-gayu ce, ji yadda take magana ƙasa-ƙasa."

Duk sunayen shi ya raɗa musu. Maigadi, abokin faɗansa tun suna da baƙin gashi, yakan ce da Baba yana sauraron mutane yadda yake sauraron gwangwani, da tuni an ba shi kujerar manaja.

Filin gaban ofis shi ne daularsa. Rana tana dukan wurin tun daga fitowa har faɗuwa, shi kuma ya san abin da ke son haka. Ja, rawaya, ruwan goro, wasu tsayinsu har ƙugu. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma ya maimaita ta har masu shara sun haddace: iri sai ya sha rana. A shanya shi har ya yi ƙara, a rufe, a jira damina. Irin da bai bushe ba ruɓewa yake yi. Gaskiya ce kuwa, don shekara da shekaru ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Bayan ofis ne ya gagare shi. Akwai manyan itatuwa bakwai a wurin, sun haɗa kai sama har rana ba ta samun hanyar sauka. Duk abin da ya shuka sai ya fito siriri kamar maraya, ya miƙe wuya yana neman haske, ya kwanta. Bayan ya sha kaye sau uku sai ya yanke hukunci cewa ƙasar wurin ce ba ta da albarka. Haka gwanaye suke, laifin ba ya taɓa zama nasu.

A nan ƙarƙashin itatuwan matarsa take zama kullum da tsakar rana idan ta kawo masa abinci, tana jira ya gama ta koma da kwano. Wata shekara ta zo da ɗan ƙulli a bakin zane, danƙin ƙasa mai laima da wata tsohuwa da take yi wa wanki ta ba ta. Ta zuba a gindin itace ɗaya, ta ja ruɓaɓɓen ganye da ƙafa ta rufe. Baba ya yi dariya har ya ƙware. Da shekara ta zagayo sai ga wasu 'yan furanni shuɗaye, kowanne ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da laifi. Ta sa musu suna Mai-kunya. Kafin 'yarsu ta isa shiga makaranta, sun mamaye gindin itatuwan nan bakwai. Akawu da masu buga takardu suka daina cin abinci a tebur, suka koma can.

Yadda take aikinta shi ne abin da ke ci wa Baba rai. Da kwanson irin ya fara tsagewa, tun yana da sauran kore, sai ta murje shi da yatsa biyu a nan inda yake, ƙwayoyin su zube, ta ja ganye ta rufe. Shi ke nan. Ba shanya, ba toka, ba ajiya.

"Raguwa," yakan ce mata da cikakken baki. "Shekara nawa, ko gwangwani ɗaya ba ki da shi. Ranar da aka ce ki nuna ajiyarki, me za ki nuna?"

"Malam, ci abincinka kafin ya huce. Kai ka iya rana, bar ni da inuwata."

Kusan shekara talatin suna wannan muhawara, kalma ba ta canza ba. Bai taɓa tambayarta dalili ba ko sau ɗaya. Ina aka taɓa ganin mai lambun da ake biya albashi ya tambayi mai kawo abinci?

Tari ne ya fara mata, irin wanda ake cewa zai wuce. Bai wuce ba. Kwana goma sha shida a asibiti, ta rasu a daidai lokacin da Mai-kunya ta cika wurin da shuɗi. Baba ya koma aiki tun kafin a ce ya dawo. Da tsakar rana yakan je gindin itace na uku ya zauna, hannu a kan gwiwa, kamar mai jiran kwano.

Ba a yi wata guda ba sabon manaja ya aika a kira shi. Matashi ne, ba mugu ba ne, har tashi ya yi ya ba shi kujera. Ya ce motoci sun yi yawa, saiwoyin itatuwan kuma sun fara tsaga katanga. Za a sare su duka a zuba siminti. Masu injin sare itace za su zo ranar Litinin.

"Ranka ya daɗe, furannin fa?"

"Baba, ai kai ne gwanin. Ka sake shuka wasu a gaba."

"Waɗannan ba sa zama a gaba. Kuma ba nawa ba ne." Ya murza hularsa. "A ba ni kwana goma sha biyu, kwanso ya nuna in ɗebi iri. Ban taɓa roƙon komai a gidan nan ba, sai gwangwani."

Manaja ya duba kalanda, ya duba tsohon, ya ba shi kwanakin.

Da farko ya gwada tonowa da saiwa. Amma saiwoyinsu sirara ne kamar zare, sun sarƙe da na itatuwan. Guda biyar da ya ciro, kwana biyu suka yi suka langaɓe. Saura iri kawai. Ya tabbata cewa idan wannan ya kuɓuce masa, babu inda zai sake samun Mai-kunya, don tsohuwar da ta bayar ta daɗe a ƙasa, gidanta ma ya zama shago.

Kullum da sassafe sai ka gan shi a durƙushe, mutumin da gwiwoyinsa ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa, yana bin tsiro ɗaya bayan ɗaya yana tsinke kwanso. Bai bar ko ɗaya ya zube ba. Ya tara kamar tafi biyu. Sai ya yi musu abin da ya fi iyawa a duniya. Ya samo fallen kwano, ya wanke, ya shimfiɗa a tsakiyar filin gaba inda rana ta fi zafi, ya baza su. Nasa irin kwana uku yake yi a shanya. Wannan nata ne, don haka ya ba shi tara. Ya zauna kusa da sanda yana korar tsuntsaye.

"Kai, Gwangwani," maigadi ya ɗaga murya daga bakin ƙofa, "aikina kake so ka ƙwace? Ko kuɗin ofis ban taɓa tsarewa haka ba."

"Kai da barci ya tsare shekara talatin, me ka sani?"

A bayan gini injin yana kuka, itatuwan suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙasa tana girgiza har fallen kwanon yana rawa. Bai waiwaya ba. Da ƙwayoyin suka bushe ƙayau, ya zuba su a babban gwangwaninsa mai murfi, wanda ya daɗe yana ɓoyo, ya barbaɗa toka, ya girgiza a kunne.

"Ji nan," ya ce wa maigadi. "Ashe tana da murya."

Ya kai gida ya ajiye a kan akwatin zannuwanta. Wata takwas yana nan.

Ɗakinsa ɗaya ne a cikin jerin ɗakunan haya, tsakar gida duk siminti. Amma tsakanin tankin ruwa da katanga akwai wani lungu da rana ba ta leƙawa. Nan ya jera akwatunan katako uku, ya cika su da ruɓaɓɓen ganyen da ya kwaso buhu biyu kafin a share bayan ofis. Ruwan farko na sauka ya shuka rabi. Mako uku, shiru. Ya ce wataƙila ya binne su da zurfi. Ya shuka sauran rabin sama-sama, har ya kaɗe gindin gwangwanin. Mako huɗu, shiru. A gaban ofis kuwa Bi-rana da Toron-zakara sun fito kamar an yi musu gayya.

A lokacin ne 'yarsa, wadda take ɗinki a wani gari, ta zo duba shi. Ta same shi tsugune a lungun da garwa a hannu.

"Baba, me ka shuka ne kake ta yi wa fadanci haka?"

"Na mahaifiyarki. Taurin kai gare su kamar ita."

Ta yi murmushi, ta tsuguna kusa da shi. "Kai, ashe ka samu ɗanye. A ina? Na ɗauka an zuba siminti tun bara."

"Tun bara na ɗeba. Na shanya na ajiye."

"Shanyawa ka yi?" Maganar ta riga tunaninta fita. "Ai Mama ta ce wannan ba ya kwana a waje. Daga kwanso sai ƙasa, da ɗanyensa. In ya bushe ya mutu."

Sai da ta gama ta ga fuskarsa. Ta sa hannu ta rufe baki, amma magana zarar bunu ce.

"Yaushe ta faɗa?"

"Baba, wataƙila ni ce ban riƙe daidai ba."

"Yaushe ta faɗa, na ce."

"Kullum, in muna murzawa tare, ina ƙarama." Ta sunkuyar da kai. "Ta ce ta taɓa ɗauko maka zancen, ka ce ba a kawo ranar da za a koya maka iri ba."

Ya ajiye garwar a hankali. Ya daɗe yana kallon akwatunan.

"Kwana nawa ta ce yana jurewa a rana?"

"Ta ce ko yini ɗaya ya yi yawa."

"Tara na yi masa," in ji shi. "Da sanda a hannuna, kada tsuntsu ya taɓa."

Washegari ya je bayan ofis. An ja farin layi, motoci goma sha huɗu a jere, zafi yana tashi daga simintin. Ya bi gefen katanga a sunkuye daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko wata ƙwaya ta tsere masa ta faɗa tsaga. Amma ai shi ne ya tsince wurin, kuma bai taɓa yin aikin ganin ido ba. Maigadi yana kallonsa daga nesa. Ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, ya fasa.

Bayan kwana goma maigadin ya biyo shi gida, wai hanya ce ta biyo da shi, alhali gidansa yana can wani gefen gari. Ya leƙa lungun, sai ya ƙwala ihu.

"Gwangwani! Zo ka gani, ta fito!"

A tsakiyar akwati na biyu akwai ɗan tsiro kore mai ganye biyu. Baba ya zo ba tare da sauri ba, ya duba sau ɗaya.

"Ciyawa ce. Shekaranjiya na gan ta."

"Ka tabbata? Ka bari ta ƙara girma mana."

"Shekara talatin da huɗu ina tuge ta. Ko a mafarki na san fuskarta."

"To, tuge ta mana."

"Bar ta," in ji Baba. "Su duka na kira, ita kaɗai ta amsa."

Ya ɗauki garwa ya ba ta ruwa, a hankali, daga gefe, don kada ƙasar ta zaizaye. Sauran akwatunan biyu ma ya ba su.