Kwana Uku da Haihuwa

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki na haifi ɗiyata ta biyu, a gidan surukaina da ke Ƙofar Guga. Gari na ta murna, kowa da rediyo a kunne, ni kuwa ina ɗaki rungume da jaririyata. A gidan nan, in jaririya ta kwana uku, wanzamin gida yakan zo da zabirarsa ya cire mata beli, sannan ya yanki abin da suke kira angurya a gabanta. Wai in an bar shi, ba za ta zaunu a ɗakin miji ba.

Haka aka yi wa ta farin. Jini ya ƙi tsayawa, kafin la'asar ta cika. Aka ce kwana ne ya ƙare. Ko kuka ban yi a fili ba, don 'yar fari ce, kunya ta hana. Har yau ina jin haushin kaina kan shirun nan.

Ran kwana na uku da hantsi na ji sallamar wanzamin a zaure. Dattijo ne mai mutunci, shi ya yi wa mijina kaciya. Uwar mijina ta ɗaga labule.

"Miƙo ta, wanzam ya iso."

Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da ita ba. Ran nan na dube ta.

"Inna, ki gafarce ni. Ba a taɓa mani wannan."

"Mi kika ce? Mu da aka yi muna, mutuwa muka yi?"

Na ƙanƙame yarinyar. Ta ja tsaki ta fita, tana kiransa ya zo ya ga fitsarar 'yan zamani. Ya tsaya bakin ƙofa, ya yi mini barka da arziki.

"Hajiya, ƙyale ta," ya ce wa uwar mijina. "Aski kawai zan yi ran suna. Tun rasuwar waccan hannuna rawa yake in an kawo mani ɗiya mace."

Ran suna, bayan ya gama askin, na yi masa godiya. Ya rufe zabirarsa bai ɗago ba.

"Kada ki gode mani, ɗiyata. Ba ni iya musa ma gidan nan. Da kin miƙo ta, da na yi."