Vernetta Haskell da Kira na Biyu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da hantsi, Clifford Haskell ya kira ni a wayar ofis ya shaida mini cewa matarsa Vernetta ta cika. Zuciya ce ta buga mata a kicin tana shirin fitowa aiki, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa kowa zai koma. Na ajiye wayar na fita na gaya wa sauran ma'aikata, ban san da wane baki na faɗa ba.

Vernetta, ke ce mai rabon aiki a hukumarmu, inda wanda ya rasa aikinsa aka kuma hana shi kuɗin tallafi yake ɗaukaka ƙara. Mu masu sauraro mu ke yanke hukunci, amma ke ke cewa wa zai ɗauki ƙarar wa, kuma yaushe. Ba da ƙidaya kike rabo ba, da nauyi kike yi. Ƙarar da ke buƙatar tafinta kikan ninka mata lokaci. Shekarar da matata ta kwanta ciwo, sai na ga an daina kawo mini ƙararrakin waɗanda aka kora saboda jinyar nasu. Da na zo yi miki godiya, kika ce in bar miki ƙofa, ina tare miki iska, kuma in dawo da kwanon wainar masararki da na tafi da shi gida tun bara. Har yau kwanon yana wurina.

Tun da aka mayar da sauraro ta waya, ƙa'ida ta ba mu dama: in an kira mai ƙara a lokacinsa bai ɗauka ba, a rubuta bai halarta ba, a rufe. Ke kika fara lura cewa lambar hukumar tana fitowa a wayoyin mutane babu suna, wasu wayoyin ma har gargaɗi suke yi wai ɗan damfara ne. Wanda ya rasa aiki kuwa 'yan damfara sun riga sun ishe shi, ba ya ɗaukar baƙuwar lamba. Mutum yana zaune ya yi wanka ya sa riga, takardunsa a gabansa yana jiran mu, ya ga kiranmu ya kashe da hannunsa. Shi ya sa kika ƙirƙiro kira na biyu. Duk wanda bai ɗauka ba, ba a rufe tasa. Ki bar masa saƙo da muryarki, ki ajiye fayil ɗinsa a teburinki, a sake nemansa ranar Juma'a da yamma, lokacin da dukanmu muka ƙagu mu tafi gida. Mun yi gunaguni, ni ma na yi, kuma ko a jikinki.

Sai ga masana'antar kayan mota da ke bakin kogi ta rufe a kakar bara. Ƙararraki suka yi mana ambaliya. A lokacin aka kawo mana sabon darakta, Mista Sizemore, da umarnin ya rage tarin kafin ƙarshen hunturu. Ba zan zalunce shi ba don kin mutu. Shi ma wuta ake hura masa daga sama, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce: duk kira na biyu da aka yi, wani da ke layi ya ƙara mako yana jira, haya kuma ba ta jira. Amma maganin da ya kawo shi ne a rufe duk fayilolin da ke teburinki a yini ɗaya.

Ba zan manta taron watan Disamba ba. Sizemore ya ce miki ƙa'ida kira ɗaya ta sani.

Kika cire tabarau kika ce, "Ƙa'ida ta ce ana iya rufewa, ɗana, ba ta ce dole ba. Kai kanka jiya sau nawa na kira ka ba ka ɗauka ba? In rufe ka ke nan?"

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta da sauri. Sizemore ya tattara takardunsa, ya ce zai kai maganar gaban kwamishinonin hukumar su uku, kuma idan suka goyi bayansa, za a ɗauke ki daga nan a shirya miki wani tebur a wani sashe. Kika ce to. A lif, muna saukowa daga bene, na tambaye ki ko ba kya tsoro. Kika ce kina ji mana, har barci ya fara yi miki wuya, amma kin riga kin shirya abin da za ki faɗa musu. Ba ki gaya mini abin ba, ni kuma ban tambaya ba, don na ɗauka akwai lokaci.

Yau mako ɗaya ke nan da rasuwarki, zaman kwamishinonin kuma jibi ne, Alhamis.

An binne ki ranar Asabar. Sizemore ya zo coci, ya tsaya a baya, har ya taya ɗaukar kujeru bayan cin abinci. Ranar Litinin kuma ya kira ni ya ce ni zan riƙe kujerarki. Ya ce in rufe fayilolin nan kafin Alhamis, maganar ta mutu ba sai an je gaban kowa ba, kujerar kuma ta zama tawa. Bai faɗi abin da zai faru in na ƙi ba, bai kuma buƙaci ya faɗa ba. Ritayata ta kusa, Vernetta, kin sani, kuma ni ban taɓa zama mai faɗa ba. Na zauna a teburinki, ga fayilolin a tare.

Na ce bari dai in gwada kiran mai fayil ɗin saman. Sunanta Darlene Yoakum, mai walda ce a masana'antar, an hana ta tallafi wai ita ta bar aiki da kanta. Na buga da wayar teburinki. Ko ringi na biyu ba a yi ba aka ɗauka, ina jin ƙarar motoci a bayanta.

"Mis Vernetta, ga ni, ga ni, kar ki kashe, bari in tsaya a gefen titi."

Ashe a saƙon da kika bar mata kin ce ta ajiye lambar da sunanki, don in ta gan shi ta san ba ɗan damfara ba ne. Na gaya mata ni waye. Na gaya mata kin rasu. Ta ce Allah ya jiƙanki, ba ta taɓa ganinki ba amma saƙon yana nan ba ta goge ba. Sai ta tambaya a hankali, "To tawa an rufe ke nan, Yallaɓai?"

Na ce mata ba a rufe ba, Juma'a da yamma za a saurare ta. Na ajiye wayar na dubi sauran tarin. Allah kaɗai ya san mutum nawa ne a garin nan ke yawo da sunanki a wayarsu suna jiran ya fito.

Allah ya jiƙanki, Vernetta, ya gafarta miki kurakuranki, ya ba ki hutun da ba ki samu a wurinmu ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Clifford, da 'ya'yanku Lamont da Cherise, da jikoki, da ƙanwarki Odessa da ta taso tun daga Memphis, da dukan ma'aikatan hukumar. Allah ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi.

Ni kuma ku sa ni a addu'a jibi da safe. Zan shiga gaban mutum ukun nan ni kaɗai, ban san abin da ta shirya faɗa musu ba, bakina kuma bai kai nata ba. Na dai riga na gaya wa Sizemore ba zan rufe ko ɗaya ba.